Su wa suka tsare wa Rumawa kan iyaka?

Bakatsine a Newcastle:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ranar Asabar na samu hutu a wurin aiki, sai na tafi Vindolanda, wani tsohon sansanin sojan Rum da ke arewacin Ingila, tafiyar kamar sa'a ɗaya daga inda nake zaune. Tun da na dawo abin yake ta yi mini yawo a kai, shi ya sa na ce bari in kawo shi nan.

Da can in aka ce sojan Rum, mutumin birnin Rum nake hangowa. Ashe waɗanda suka fara zama a wannan wuri, wajajen shekara ta 85 miladiyya, kusan shekara arba'in kafin a fara gina katangar da sarkin Rum Hadrian ya sa aka yi a wannan iyaka, mutanen Tungri ne daga ƙasar da yau ake kira Beljiyam, sai kuma Batavi daga Holan. Wato 'ya'yan ƙabilun da Rum ta riga ta mallake, su aka kwaso aka kawo su tsare wata ƙasar da ake kan cinyewa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai takalma ne. An jera su a bango cikin gidan tarihin wurin, na fata, baƙi ƙirin saboda daɗewa cikin laka. A cikinsu akwai na jariri, bai kai tsawon tafin hannuna ba, an yi masa ado da 'yan huje-huje kamar na manya. Na daɗe tsaye a gabansa. Wanda ya biya baduku ya ɗinka wa jaririnsa wannan takalmi uba ne kamar kowane uba. Amma kuma da takobi ya zo ƙasar mutane. To me za mu kira waɗannan sojoji? Kuma me ya sa Rum ta yarda ta damƙa musu iyakarta?

Autan Zaure:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni amsar a wurina ba ta da tsawo: karnukan farauta ne. An ci garinku da yaƙi, sannan ka ɗauki makamin wanda ya ci ku ka je kana cin garin wasu. Takalmin jariri ba zai wanke wannan ba.

Malamar Tarihi:
Auta, a yi haƙuri a fara shimfiɗa tabarma kafin a yanke hukunci. Sojan Rum a wancan zamani kashi biyu ne. Akwai manyan rundunoni na 'yan ƙasa, kowace da mutum kusan 5,000, ba ka shiga sai kana da 'yancin zama ɗan Rum. Sai kuma sojojin taimako, waɗanda ake ɗiba daga ƙasashen da aka mallaka. Marubucin tarihin nan Tacitus ya ce a shekara ta 23 Rum tana da manyan rundunoni 25, kuma yawan sojojin taimako bai gaza nasu da wani abin kirki ba. Kun ga kenan kusan rabin sojan daular ba Rumawa ba ne.

Su ba a tara su da yawa wuri guda. Bataliyar dakaru ɗaya mutum 480 ce, kamfani shida, kowane mutum 80. Ta barade kuma doki wajen 500, an kasa su rukuni 16. Akwai mai haɗe da dakaru da barade, akwai kuma babba wadda ta kai mutum 800 ko fiye. Kowace da nata ƙaramin sansani. Dawakai, da 'yan baka, da masu iyo, da masu leƙen asiri, duk abin da manyan rundunoni ba su ƙware a kai ba, daga nan ake samunsa.

Lada kuwa, wanda ya cika shekara 25 yana aiki ana ba shi 'yancin zama ɗan Rum, shi da 'ya'yansa, a kuma halatta aurensa. Ana rubuta masa shaida a kan faranti biyu na tagulla a ɗaure da waya, shaidu bakwai su buga hatimi. Mafi tsufa da aka samu ta shekara ta 52 ce, zamanin sarki Claudius.

Tsohon Saje:
Malama Allah ya ƙara sani. Ni na yi shekara 22 a soja, kuma ina so in faɗa wa ɗana Auta cewa yawancin rayuwar soja ba a fagen fama take ba. Bakatsine, a wancan wuri da ka je an tono wata takardar katako wadda duk wanda ya taɓa riƙe kamfani zai gane ta da kallo ɗaya. Rahoton ƙarfin bataliya ne, irin wanda nake kai wa kwamanda kowace safiya kafin ƙarfe takwas.

Bataliya ta ɗaya ta Tungri, ranar 18 ga Mayu, kwamanda Julius Verecundus. Jimilla mutum 752. Waɗanda ba sa nan 456. Daga ciki 337 suna Coria, wato Corbridge ta yanzu, 46 an tura su gadin wani babban jami'i, sauran suna warwatse nan da can har da Landan. Waɗanda ke cikin bariki 296. A cikinsu marasa lafiya 15, masu rauni 6, masu ciwon ido 10. Saura 265 da za su iya tsayawa fareti. Hafsoshin kamfani shida ne, amma guda ɗaya tak ke gida.

Ranar da na fara karanta wannan sai da na ajiye wayar na yi shiru. Masu ciwon ido goma! Na san wannan ciwo. Mutum takwas a ɗaki ɗaya, hayaƙin murhu, tsumma ɗaya na goge fuska, in ya kama mutum guda to sai ya zaga kowa. Haka su ma suke kwana, takwas-takwas, ɗaki na gaba na ajiye sulke da garkuwa da masu, na ciki na kwana.

Abin lura, bataliyar da sama da rabinta ke waje ba jiran hari take ba. Aiki take yi: rakiya, karɓar hatsi, kai saƙo, tsare hanya.

Autan Zaure:
Baba Saje, tuba nake, amma ai wannan aikin da ka lissafa shi ne zaluncin. Hatsin wa ake karɓa?

Tsohon Saje:
Na talaka ne, ɗana, ban musa ba. Soja ɗaya yana cin kusan kilo guda na alkama a yini. Mutum 480 kenan kusan rabin tan kullum, ba a zo maganar sha'ir na dawakai ba. Shi ya sa in ka duba kowane sansani, ginin da aka fi ƙawata shi da ƙarfi bayan ofishin tsakiya shi ne rumbu. Ana ɗaga daɓensa sama da ƙasa don iska ta ratsa ta ƙasa, danshi da ɓera kada su samu shiga, kamar dai yadda muke ɗora namu a kan duwatsu.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Malama, a taimaka a bayyana mana siffar sansanin. Ni duk hotunan da nake gani na dutse ne, amma na ji an ce na farko ba haka suke ba.

Malamar Tarihi:
Gaskiya ne Malam. Na ƙarni na farko akasari ƙasa ce da katako. Ana yanka ƙasa mai ciyawa a jikinta, murabba'i-murabba'i kamar tubali, a jera ta ta zama ganuwa, a kafa shingen katako a samanta, a haƙa gwalalo ɗaya ko biyu ko fiye a gabanta mai tsini a ƙasa. Siffarsa doguwar murabba'i ce mai lanƙwasassun kusurwoyi, yawanci ƙofa huɗu da hasumiyar katako. Girman na bataliyar dakaru ɗaya bai wuce filin ƙwallo biyu ba. A tsakiya akwai ofishi, da ɗakin da ake ajiye tutoci da kuɗin albashi, gefe guda gidan kwamanda, ɗaya gefen rumbuna, sauran fili kuma dogayen ɗakunan soja. Tandun gasa burodi a jikin ganuwa ake yin su, nesa da ɗakuna, saboda gobara.

Sojojin da kansu suke ginawa, kuma ba don ya dawwama ba. In iyaka ta matsa gaba, a kwance katakon, a cike ramin, a tafi. A Hod Hill da ke kudancin Ingila ma ba su wahalar da kansu ba. Bayan da Rum ta mamaye Birtaniya a shekara ta 43 sun ci wani gari mai ganuwa a kan tudu, sai suka yanki kusurwa ɗaya ta ganuwar mutanen garin suka mayar da ita ɓangare biyu na sansaninsu. A Lunt kuma, kusa da Coventry, akwai wani da'irar fili mai shinge, faɗinsa wajen mita 34, wanda masana suke ganin wurin horar da dawakai ne. An gina shi wajajen shekara ta 60, lokacin boren Boudica, sarauniyar wata ƙabilar Birtaniya da ta yi wa Rum tawaye.

Ganuwar nan ba irin ta birni ba ce da za a shige a kulle ƙofa a jure wa kewaye na watanni. Dabarar Rumawa ita ce a fito a tari abokin gaba a fili. Sansanonin ana jera su ne a kan hanya da mashigar kogi da bakin kwazazzabo, tsakanin wannan da wancan tafiyar yini, ta yadda ba mai wucewa da garke ko kaya ba a gan shi ba.

Bakatsine a Newcastle:
Malama, to ina maganar yaƙi? Don in aka bi ta Baba Saje sai a ɗauka masu gadin rumbu ne kawai.

Malamar Tarihi:
Ina! Su ne a bakin daga. Ɗauki yaƙin Mons Graupius a Sikotland, wajajen shekara ta 83, wanda gwamna Agricola ya yi da mutanen Caledonia. Ya jera dakarun taimako 8,000 a tsakiya, barade 3,000 a gefuna, manyan rundunoni kuwa ya bar su a baya, a gaban ganuwar sansani. Tacitus bai ɓoye dalili ba: nasara za ta fi armashi in an same ta ba tare da an zubar da jinin Barume ba. Bataliya huɗu ta Batavi da biyu ta Tungri aka tura su shiga da takobi gaba da gaba. Ya ce an kashe mutum 10,000 daga abokan gaba, ɓangaren Rum kuma 360.

Amma a riƙa tunawa Tacitus surukin Agricola ne, 'yarsa yake aure. Ni ba na haɗiye waɗannan alƙaluma. Abin da na yarda da shi shi ne tsarin jeren, domin ba abin yabo ba ne da za a ƙirƙira don kare mutunci. Ya faɗe shi ne don a ganinsa hikima ce.

Autan Zaure:
To Malama ai kin gama mini aiki. An sa su a gaba don jininsu ba shi da tsada. Wane mai hankali zai yarda da wannan?

Tsohon Saje:
Mai hankalin da ba shi da gona, ɗana. Ko wanda sarkin garinsu ya ɗauki alkawarin ba da mutum kaza duk shekara. Batavi ba sa biyan haraji ko kaɗan, maza suke bayarwa a maimakonsa. Yaro ya tashi ya ga ubansa soja ne, kawunsa soja ne, to me kake so ya zama? Kakana ya je yaƙin Bama a ƙarƙashin Turawan da suka ci ƙasarsu bai fi da shekara arba'in ba. Na zauna da shi, na ga tabon da ke ƙafarsa. Ban yarda a kira shi kare ba, kuma ban ce abin da Turawa suka yi daidai ne ba. Duka biyun ina riƙe da su.

Autan Zaure:
Allah ya huci zuciyarka Baba. Ban yi nufin taɓa kakanmu ba, na janye kalmar. Amma tambayata tana nan: babu waɗanda suka ƙi?

Malamar Tarihi:
Akwai, kuma mafi munin dukan da Rum ta sha a kan iyaka daga hannun waɗanda ta horar ne.

Arminius, na ƙabilar Cherusci a Jamus, kwamandan sojojin taimako ne, yana jin Latin, an ba shi 'yancin ɗan Rum har da muƙami. A shekara ta 9 shi ya ja gwamna Varus cikin dajin Teutoburg aka yi masa kwanton ɓauna. Manyan rundunoni uku suka hallaka, ta 17 da ta 18 da ta 19, tare da rukunin barade uku da bataliyar taimako shida. Sansanonin da aka kafa a bakin kogin Lippe, irin su Haltern, duk aka bar su. Daga ƙarshe Rum ta haƙura ta tsaya a kogin Rhine.

Amma ga abin da nake so Auta ya ji. Arminius yana da ɗan'uwa, Flavus, wanda ya ci gaba da yi wa Rum aiki har ya rasa ido ɗaya. A shekara ta 16, lokacin da babban kwamandan Rum Germanicus ya koma ɗaukar fansa, 'yan'uwan nan biyu suka tsaya, wannan a wannan gaɓar kogin Weser, wancan a waccan, suna magana da ƙarfi ruwa na tsakaninsu. Arminius ya tambaye shi ina idonsa, kuma me aka ba shi a kai. Flavus ya lissafa: ƙarin albashi, sarƙar wuya, kambi. Arminius ya yi masa dariya, ya ce wannan ai ladan bauta ne mai araha. Flavus ya kawo girman Rum da rangwamen da take yi wa wanda ya miƙa wuya. Arminius ya kawo ƙasarsu, da 'yancin kakanni, da mahaifiyarsu da ke roƙon ya dawo. Magana ta koma zagi, har Flavus ya nemi a kawo masa doki da makami, sai da aka riƙe shi.

Uwa ɗaya uba ɗaya. Muhawarar da ake yi a zauren nan yau, su suka fara ta.

Bakatsine a Newcastle:
Allahu Akbar. Wannan labari ya taɓa ni. Ita uwar fa, ko wanne aka kashe ɗanta ne.

Ɗan Damagaram:
Ku ba ni dama in jawo ku kudu, don kada a ɗauka abin na ƙasashen sanyi ne kawai. A arewacin Afirka an yi wani mai suna Tacfarinas, mutumin Numidia, yankin Aljeriya da Tunisiya na yanzu. Shi ma sojan taimako ne ya gudu. Daga shekara ta 17 zuwa ta 24 ya hana Rumawa barci. Ya tara ƙabilar Musulamii, makiyaya ne, ba su da alaƙa da Musulunci, sunan ne kawai ya yi kama, don wannan kusan shekara 600 ne kafin zuwan Manzon Allah (SAW). Ya tsara su bataliya-bataliya da tutoci yadda ya koya a bariki.

Ni abin da ya ja hankalina shi ne musabbabin. A shekara ta 14 sojan Rum sun shimfiɗa hanya daga sansaninsu na Ammaedara zuwa Tacape a bakin teku, wato Gabes ta yau, ta ratsa ƙasar da makiyayan nan ke bi da dabbobinsu rani da damina. Duk wanda ya san abin da toshe burtali ke haifarwa ba sai an yi masa dogon bayani ba. Da Tacfarinas ya aika wa sarki Tiberius jakadu ma, ƙasar zama ya nema wa kansa da mutanensa. Tiberius ya ɗauki wannan a matsayin cin fuska.

Da ya ga gaba da gaba ba ta yi masa, sai ya koma sari-ka-noƙe. Ya taɓa kewaye wata bataliya a bakin kogin Pagyda, sojojin suka juya da gudu suka bar kwamandansu Decrius ya mutu yana faɗa. Hukuncin da gwamna Apronius ya yanke musu shi ne a yi ƙuri'a, duk mutum goma a fitar da ɗaya a kashe shi da duka. Wanda ya gano maganin abin shi ne gwamnan da ya biyo bayansa, Junius Blaesus: ya kasa sojansa uku, ya sake kasa su ƙanana, ya dasa ƙananan sansanoni ko'ina, kuma ya ƙi janye su lokacin sanyi kamar yadda aka saba. Duk inda Tacfarinas ya juya sai ya tarar da soja. A shekara ta 24 gwamna Dolabella ya auka masa da asuba a Auzea aka kashe shi.

Kuma Garamantes na Fezzan, a kudancin Libiya, sun taimaka masa, su ke karɓar ganima. Fezzan ɗin nan ita ce dai wadda ayarin Borno da na ƙasar Hausa suka riƙa ratsawa daga baya. Ghadames da fatakenta suka zauna a Kano, ita ma Rumawa sun ajiye soja a cikinta, amma wannan sai wajajen shekara ta 200.

Tsohon Saje:
Malam na Damagaram ka biya ni. Abin da Blaesus ya yi shi ne ainihin amfanin ƙaramin sansani. Babbar runduna guduma ce, ba a kashe sauro da ita. Mai sari-ka-noƙe ruwa yake buƙata, da kasuwa, da wurin kwana. In ka zauna a kan rijiya da mararraba ka gama da shi ko ba ka harba kibiya ba. Sai dai akwai haɗari: ƙaramin sansani in an yanke masa hanya ya zama tarko. A Wales ƙabilar Silures sun rutsa sojojin da aka bari suna ginin sansanoni, suka kashe babban hafsan sansani da hafsoshin kamfani takwas. Suka kuma kama bataliyar taimako biyu da suka fita kwasar ganima ba tare da tsaro ba, saboda kwaɗayin kwamandojinsu. Gwamna Ostorius Scapula a kan wannan yaƙi gajiya ta kashe shi a shekara ta 52.

Malamar Tarihi:
Kwaɗayin jami'ai da Baba Saje ya ambata shi ne zaren da ya ratsa kusan duk boren. A shekara ta 28 mutanen Frisii, a bakin tekun Holan, harajinsu ƙiraga ne na shanu don amfanin soja. Wani jami'i mai suna Olennius ya ce daga yau sai ƙirgi mai girman na sān daji, alhali shanunsu ƙanana ne. Suka ba da shanun, suka ba da gonaki, har ta kai ga mata da 'ya'ya. Daga nan suka rataye sojojin da suka zo karɓa, suka kewaye sansanin Flevum. A wani daji an kashe sojan Rum 900.

Su kansu Batavi, amintattun Rum, sun yi tawaye a shekara ta 69 ƙarƙashin Julius Civilis, wanda shi ma kwamandan bataliya ne. Masu ɗibar soja ne suka riƙa kama tsofaffi da marasa ƙarfi don a ba su cin hanci su sake su, suna kuma lalata da yara maza. Bataliya takwas ta Batavi, waɗanda suka yi yaƙi a Birtaniya, suka koma bayansa. An ƙone sansanonin bakin Rhine, manyan rundunoni biyu suka miƙa wuya a sansanin Vetera aka karkashe su. Sai a shekara ta 70 kwamandan Rum Petillius Cerialis ya kashe wutar.

Bayan wannan ne aka kwashe bataliyoyin Batavi da Tungri aka tsallaka da su Birtaniya. Bakatsine, waɗanda ka je gidansu ranar Asabar, magadan wannan tawaye ne. Kwamandan bataliya ta tara ta Batavi a Vindolanda sunansa Flavius Cerialis, kuma sunan da kansa yana nuna gidansu sun samu 'yancin Rum ne a zamanin sarakunan gidan Flavius, waɗanda suka murƙushe boren.

Autan Zaure:
Wato an raba su da gida don kada su sake haɗa kai da danginsu.

Malamar Tarihi:
Haka ne, kuma ba su kaɗai ba. A Colchester akwai kabarin wani barde, Longinus Sdapeze, daga Sardica, wato Sofiya ta Bulgeriya. Ya mutu yana da shekara 40 bayan shekara 15 a aiki. An sassaƙa shi a kan doki yana tattake wani Babirtane tsirara. Saura shekara goma ya karɓi farantin tagullarsa. Wasu kuma ba su jira ba. Wata bataliya ta Usipi, sababbin ɗiba daga Jamus a zamanin Agricola, sun kashe hafsansu da masu horar da su, suka sace jiragen ruwa uku don su koma gida. Ba su iya tuƙi ba, teku ta yi ta yawo da su a gefen Birtaniya, yunwa ta sa suka ci junansu, waɗanda suka tsira aka kama su aka sayar bayi.

Hajiyar Zariya:
Tun ɗazu ina karantawa ban sa baki ba, amma kun bar takalmin jaririn nan a baya, ni kuwa shi ya kawo ni. Malama, matan fa? Na ji an ce an hana soja aure.

Malamar Tarihi:
Sannu da zuwa Hajiya. A doka an hana ƙaramin soja aure yana bakin aiki, amma a zahiri suna da mata da 'ya'ya, a unguwar da ke tasowa a bakin ƙofar sansani, wasu ma alamu sun nuna har cikin bariki. Shi ya sa farantin sallama yake ambaton mata da 'ya'ya, hukuma ta san suna nan. Kwamanda kuwa da iyalinsa yake zuwa a fili.

A cikin wasiƙun katako da aka fara tonowa a Vindolanda a 1973 akwai ta Claudia Severa, matar wani kwamanda, zuwa ga Sulpicia Lepidina, matar Flavius Cerialis. Tana gayyatarta bikin ranar haihuwarta, 11 ga Satumba, tana cewa zuwanta zai ƙara wa ranar daɗi, ta kuma isar da gaisuwar mijinta da ɗan ƙaramin ɗansu. Magatakarda ne ya rubuta, amma a ƙasa ta karɓi alƙalami ta ƙara layi da hannunta, tana kiranta 'yar'uwa, tana cewa za ta sa ido. Yana cikin rubutun mace mafi tsufa da ake da shi a harshen Latin.

Hajiyar Zariya:
Allah sarki. Wannan kaɗaici ne yake magana. Na yi zaman bariki da maigidana shekara tara, a garin da ba na jin yarensu. Matar da ke ƙofa ta gaba, ko daga ina ta fito, ita ce uwarki ita ce 'yar'uwarki. Ranar da aka yi musu canjin wurin aiki na yi kuka kamar an yi mutuwa.

Bakatsine a Newcastle:
Hajiya, akwai ma wata da aka aika wa wani soja, ana sanar da shi an turo masa safa, da takalma ƙafa biyu, da kamfai biyu, a kuma gaishe da abokan ɗakinsa. Wanda ya sha sanyin wurin nan zai san safa ba ƙaramar kyauta ba ce. Ni a watan Mayu na je, da rigar sanyi biyu, iska tana yanka kunne.

Amma don kada Auta ya ce mun yi laushi, a cikin wasiƙun akwai wadda ke bayanin yadda mutanen ƙasar ke yaƙi, an ce barade gare su da yawa, ba sa amfani da takobi, kuma aka kira su da sunan raini, Brittunculi, kamar ka ce 'yan Birtaniyan banza. Wanda kakansa ya sha irin wannan raini daga Rumawa, shi ne yau yake yi wa wani.

Autan Zaure:
Wannan ita ce ta fi yi mini ciwo, Yaya. Na sassauta a kan mutanen, amma ban sassauta a kan tsarin ba. Kuma duk jinin da aka zubar a Sikotland, sun riƙe ta?

Tsohon Saje:
Ba su riƙe ba. Bayan Mons Graupius sun jera sansanoni a bakin kwazazzaban tsaunuka, irin su Fendoch, da hasumiyoyin tsaro a kan tudun Gask, suka fara gina babban bariki a Inchtuthil a bakin kogin Tay. Ba a ma gama shi ba wuta ta tashi a kogin Danube, mutanen Dacia suka matsa wa sarki Domitian, aka janye runduna guda daga Birtaniya. Wajajen shekara ta 87 aka kwance komai. A Inchtuthil sun haƙa rami suka binne ƙusoshi sama da 800,000, tan-tan na ƙarfe, suka daddale ƙasa a kai don kada mutanen ƙasar su tono su ƙera makami. Sai a 1960 aka gano su, na tsakiyar tarin ko tsatsar kirki ba su yi ba. Na san yadda umarnin janyewa yake zuwa. Ka kwana kana gini, da safe a ce ka rushe, kuma ba mai gaya maka dalili.

Ɗan Damagaram:
Malama, tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Yaya aka yi wasiƙun katako suka kai shekara kusan 1,900 ba su ruɓe ba?

Malamar Tarihi:
Duk lokacin da za a sake gini a Vindolanda, sai a rushe tsohon a shafe shi da yumɓu da ƙasa a ɗora sabo a kai. Yumɓun ya toshe iska, ƙasar kuma jiƙaƙƙiya ce, to abin da ke ruɓar da fata da katako bai samu shiga ba. Su wasiƙun 'yan siraran allunan katako ne, girman tafin hannu, an yi rubutu da tawada an naɗe biyu.

Da yawa daga cikin na gidan Cerialis kuwa shara ce aka yi niyyar ƙonewa. Wajajen shekara ta 105 umarni ya zo bataliya ta tara ta Batavi ta tashi zuwa Danube, inda sarki Trajan ke yaƙi da Dacia. Aka kwaso takardun gidan kwamanda aka tara a waje aka cinna musu wuta. Ga alama ruwan sama ne ya sauko ya kashe ta, su kuwa suna sauri ba wanda ya koma ya sake kunnawa. Wasu allunan har yanzu da baƙin ƙuna a gefensu.

Hajiyar Zariya:
Bakatsine ƙanena, in ka sake komawa ka ɗauko mana hoton takalmin nan, ka sa hannunka kusa da gilashin don mu ga girmansa.

Bakatsine a Newcastle:
In sha Allahu Hajiya, ƙarshen wata zan koma da yarana.